Igiyar da Na Tufka a Kogin Kwara

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. In na shiga kasuwar Gumel a tare ni, in na zauna bakin masallaci a zagaye ni. Gajere, wai da gaske ne akwai ruwan da ba a jawo shi da guga? Gajere, wai ka ci kifin da ya fi ka tsawo? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki inda zai yi dariya ya tafi. Yau zan ba da shi tun daga farko, har da wancan abin da kuke kewayewa, ba kwa tambaya a gabana.

Ni mutumin Ɗanzomo ne. Sunana Habu, amma ba wanda zai nuna maka gidana sai ka ce Gajere mai rijiya. Haƙar rijiya da yasarta ita ce sana'armu, kuma gajartar nan da ake yi mini tsiya da ita ta sa ni ake zurawa ƙasa, don ina juyawa a inda wani zai maƙale.

A shekara ta biyu da tashin yaƙin Turawa da Jamus, bayan an gama kai gero rumbu, muna yasar wata rijiya a gefen Maigatari sai dogari ya iso da saƙon hakimi. Ina ƙasa, Tanko yana riƙe da igiya. Tanko taubashina ne, ɗan gwaggona, dogo kamar an ja shi, bakinsa ba ya hutawa a kaina. Ya leƙo ya ce, "Fito, Gajere, Nasara yana nemanka. An gaya masa ba a ganinka a cikin ciyawa."

Saƙon shi ne ana neman waɗanda suka san igiya da haƙa, mutum tara daga wajenmu, za a kai su aikin wani kogi can kudu, wata huɗu, a dawo da su kafin ruwan shuka. Dogarin ya rantse ba ɗaukar kayan soja ba ne. Ya san abin da ya sa ya rantse, don kowa ya ji labarin waɗanda aka kwasa bara suka ɗauki kaya zuwa Kamaru, inda ake yaƙin. Waɗanda suka dawo mun ga ƙafafunsu, waɗanda ba su dawo ba kuwa ba wanda ya san inda aka rufe su.

Daga bakin rijiyar nan ana hango alamar iyakar Faransa. Tanko ya ja ni gefe ya ce mu ƙetare kawai, in abin ya lafa mu dawo. Wani mai kanwa daga wajen Damagaram da ya tsaya shayar da jakunansa ya ji mu, ya yi dariya. Ya ce, "Ku ƙetare mana, kumandan yana maraba da ƙarti. Ku a nan da sallama ake zo muku, mu can da igiya ake zuwa." Maganar ƙetarewa ta mutu a nan.

Baba Jatau, wanda ya koya mana sana'a dukanmu, ya ce ba zai bar yaransa su tafi su kaɗai ba, ko da yake furfura ta gama cin kansa. Dagaci ya ce ni zan zama heluma, wato shugaban lebura, saboda bakina ba ya nauyi. Kuma rashin nauyin bakin nan ne ya sa ranar tashi na miƙe a gaban dattawa da mata na ce, "Mu tara muka fita, mu tara za mu dawo kafin shuka, in Allah ya yarda." Ba wanda ya tambaye ni, ni da bakina na faɗa.

A Gumel aka rubuta sunayenmu. Muka kwana a Gagarawa, inda wata Bafulatana mai nono ta tambaye mu ina muka nufa. Na ce Kwara. Ta ce ba ta taɓa ji ba, ƙasar Musulmi ce? Na ce ban sani ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara mana ludayi biyu ba mu roƙa ba, abin da ban taɓa ganin mai nono ta yi ba. Wannan kirkin nata ya fi maganar dogari tayar mini da hankali. Kwana biyar muka yi a ƙasa kafin Kano, muka sauka a wani zango a Fagge, inda kuɗin cizo suka yi mana sallama tun kafin mai gidan ya yi.

Jirgin ƙasa kuwa, duk abin da aka gaya muku kaɗan ne. A kan buhunan dawar soja aka ɗora mu, a tarago marar rufi. Da ya yi kukan tashi, mutum biyu cikinmu suka dira ƙasa, sai da ɗan sanda ya koro su. Hayaƙinsa yana watso tartsatsi, kafin Zariya rawanin Baba Jatau ya kama. Tanko ya juye masa gorar ruwa a ka. Baba ya tashi da faɗa, ba don rawanin ba, don ruwan. Ya ce, "Gora guda, a kan ɗan tartsatsi? Hannunka ya karye ne?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗewa, don kowace tasha muka tsaya akwai sojoji, suna dubanmu irin duban da mahauci yake yi wa awaki ranar kasuwa. Ni kuwa duk tsayawa sai na ƙirga mutanena.

Rana ta uku da hantsi muka isa Baro, inda hanyar jirgin ta ƙare a bakin kogi. Muka tsaya cirko-cirko. Mu da muke haƙa gaba ashirin kafin mu ga laima, ga ruwa kwance a fili yana tafiya abinsa, wancan gefen mutum ya koma kamar tururuwa. Mata suna wanki suna watsar da shi. Baba Jatau ya tambayi wanda ya rako mu, "Duk wannan, ba mai shi?"

Aka ba mu rumfar ciyawa a barikin lebura. Da rana ƙudan tsando ya cije ka, da yamma sauro ya karɓe shi. Abinci kuwa doya ce da manja da kifi, yau da gobe da jibi. Tanko ya rantse ba zai ci dabba mai gashin baki ba, bayan kwana huɗu shi ke suɗe kasko. Gero ba a maganarsa, kukar da muka taho da ita muka riƙa yi wa tattali kamar magani. Mutanen wurin Nufawa ne, Musulmi, masu kirki. In biyu suka haɗu sai duka su tsuguna su yi ta gaisuwa, babba da babba, ba kamar mu da ƙarami kaɗai ke durƙusawa ba. Matansu su ke riƙe da kasuwa, kuma na ga mace tana tuƙa kwale-kwale da goyo a bayanta.

Aka haɗa mu da wani mai kwale-kwale, dattijo, sunansa Ndagi, yana jin Hausar kasuwa. Da ya gane ba wanda ya iya iyo a cikinmu, sai ya girgiza kai, ya je ya samo goruna ya ɗaura wa kowa ɗaya a ƙugu. Haka muka yi wata huɗu, ƙarti tara da gora a gindi, yaran gari suna yi mana dariya.

Ga yadda aikin yake. Kayan yaƙi suna zuwa Baro ta jirgin ƙasa, a zuba su a jirgin ruwa mai hayaƙi ya gangara da su Lakwaja, daga can a haura wani kogin, Binuwai, zuwa wajen yaƙi. To da rani ruwan Kwara yana janyewa, yashi ya taso, jirgi ya rasa hanya. Saboda haka akwai wani jirgi mai ƙaton bututun ƙarfe da ke zuƙe yashi daga ƙasan ruwa yana tofarwa gefe, aikin da muke yi da ƙwarya a gindin rijiya. Mai kula da shi muna ce masa Baturen yasa. Akwai kuma wani Bature, Safiyo, mai auna zurfin ruwa ya rubuta, don a san inda za a yashe. Mu mutanen Safiyo ne. Wasunmu suna kafa tuta a gaɓa, wasu suna riƙe kwale-kwale, ni ke jefa igiyar awo.

Igiyar tana da dalma a baki, da jan tsumma a kowace gaba, kowace gaba kuma an raba ta ƙulli shida. In jefa, dalma ta taɓa ƙasa, in faɗi ƙulli nawa ruwa ya ci, akawu ya rubuta. Jirgi mai kaya yana buƙatar ƙulli biyar. Inda bai kai biyar ba, nan za a yashe.

Turawan nan biyu ba sa ga maciji. Kowa da nasa ubangidan a wani gari, kowa yana cewa shi ne gaba a kogin. Baturen yasa ya ce a ba shi mu mu saro masa itacen hura jirgi, Safiyo ya ce mu nasa ne. Safiyo ya nemi kwale-kwale na biyu, wancan ya ce a rubuto daga Lakwaja. Tantunansu jifa ɗaya ne tsakani, amma takarda suke aika wa juna. Akwai na uku, Baturen soja, wanda yake zuwa duk bayan 'yan kwanaki yana tambaya ko akwai leburan da ba su da aiki. Tafinta, wani Bazazzagi mai tausayi, shi ya gaya mini. Ya ce, "Heluma, ka tabbata kullum an ga mutanenka suna motsi. Ranar da aka gan ku zaune, kun tafi."

Muna ƙarshen wata na uku, wuni ɗaya ƙasa da Baro, dalma ta maƙale a wani icce da ya nutse. Na ja, Tanko ya ja, igiyar ta tsinke daga hannuna, kogi ya tafi da ita. Safiyo ya rubuta wa Baturen yasa a ba shi wata daga sito. Amsa ta zo cewa kayan sito na aikin yasa ne da na yaƙi, in yana so ya nema wajen nasa ubangidan. Safiyo ya yi ja wur, ya sake rubutawa. Kwana ɗaya, biyu, uku, muna zaune a inuwa. Rana ta ukun na hango Baturen soja ya sauko daga kwale-kwale, ya tsaya yana dubanmu, leɓensa yana motsi. Ƙirga mu yake yi.

Na ce a raina, igiya ce fa. Ni da na tufka igiyar da nake rataya raina a kanta tun ina saurayi, zan zauna a kwashe mini mutane saboda igiya? Ndagi ya samo mini rama a ƙauye, ya ciro dalma daga tarunsa na kamun kifi. Kafin la'asar na tufka ta, mai kyau, ta fi tasu. Da na zo sa alama na yi yadda muke yi a gida, na ware hannuwana daga yatsa zuwa yatsa, gaba ɗaya ke nan, na ɗaura jan tsumma. Na ninka biyu, na ninka uku, ƙulli shida suka fito daidai wa daida.

Kada ku ce ban san gaba ta fi gaba ba. Na sani sarai. Rijiyar da na ce gaba ashirin da biyu ce, Tanko in ya auna sha tara yake samu, mu yi dariya a wuce. A wajenmu kowa da gabarsa yake awo, kuma ba a taɓa samun gugan da ya ƙi kai wa ruwa saboda haka ba. Ban kawo a raina cewa Bature gaba ɗaya tak yake da ita, ta kowa da kowa, ba. Akawu ya ga igiya ya yi murna, ya je ya ce wa Safiyo an samu. Shi kuma ya ɗauka Baturen yasa ne ya sauko ya bayar, har da murmushi. Baturen soja ya koma hannu wofi, mutanena suka yi ta sa mini albarka.

Kwana ashirin muna awo da ita. Wata rana da safe na jefa na ce biyar, Ndagi ya dube ni. Ya soka gwangwalar da yake tura kwale-kwale da ita, ya zaro, ya nuna mini wani tsagi da ya yi mata tun shekaru, iyakar ruwan da jirgi mai kaya yake buƙata. Jiƙon bai kai tsagin ba, saura tafin hannu da wani abu. Ya ce a hankali, "Gajere, igiyarka tana ƙarya."

Da aka tashi cin abinci na zagaya bayan tantin Safiyo, inda yake jingine sandarsa ta awo mai zane, na gwada igiyata a jiki. Gabata ta gaza tasa da kusan rabin kamu. Duk inda na ce biyar, huɗu ne da 'yan kai. Wurare nawa na ce biyar, aka ce wa jirgin yasa ya wuce?

Na sami Baba Jatau shi kaɗai na gaya masa. Ya ce, "Kwana nawa ya rage a sallame mu?"

Na ce, "Goma sha ɗaya, Baba."

Ya ce, "To ka riƙe bakinka kwana goma sha ɗaya. In ka faɗa, awon kwana ashirin za a sake, damina ta same mu a nan. In kuma suka fusata, ka san wanda ke jira."

Na ce, "In jirgi ya zo fa?"

Ya ce, "Allah ya hana shi zuwa."

Ba zan ɗora wa Baba ba, don abin da nake so in ji ya faɗa mini. Ban gaya wa kowa ba. Daga ranar in na jefa sai in rage ƙulli ɗaya kafin in faɗa, amma na baya sun riga sun shiga takarda. Ko tsuntsu ya yi kuka daga sama da kogi sai gabana ya faɗi, in ce jirgi ne. Tanko ya lura, ya ce ko wata Banufiya ce ta ƙi ni saboda ba ta hango ni ba. Da ya ga fuskata sai ya daina.

Kwana na shida da hantsi muka ji kukan jirgin kaya. Ya taho maƙil da buhuna da akwatunan harsashi, yana bin tutocin da mutanena suka kafa. Ina tsaye a gaɓa ina karanta duk abin da na haddace. Ya wuce mashigi na farko. A na biyu sai muka ji wani gurnani daga ƙasan ruwa, jirgin ya yi tsalle kaɗan, ya karkata, ya tsaya. Ƙafarsa ta baya, wadda ke juyawa tana tura shi, tana ta dukan ruwa, laka tana tashi, ko motsi. Aka kawo jirgin yasa ya ja, aka zuba mutane a ruwa suna turawa har azahar. Ruwa kuwa kullum raguwa yake yi.

Washegari aka kafa rumfa a kan yashi, Turawan uku suka zauna, aka tara mu a rana. Ban ji Turanci ba, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Baturen yasa yana buga takarda yana cewa tun farko ya so ya yashe wurin nan, Safiyo ya hana shi. Safiyo yana cewa awonsa daidai ne, tofin yashin wancan ne ya gangaro ya cike hanya. Baturen soja ya zauna yana kaɗa ƙafa. Can sai murya ta sauka, suka fara duban inda muke. Tafinta ya matso kamar zai gyara takalmi, ya ce mini, "Sun sami mafita. Wai ku ne kuka yi ha'inci, kuna faɗin awo da ka ba ku jefa ba. Za a ba soja ku duka, don kayan nan sai an sauke an bi da su ta wata hanya."

Baba Jatau ya riƙe mini riga ta baya. Na fizge. Na ɗauko igiyar na shiga rumfar ba a kira ni ba, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba su yi komai ba. Kullum ana jefawa. Igiyar ce gajera, ni na tufka ta, ni na auna ta." Na miƙe na ware hannuwana, na ɗora ta daga tsumma zuwa tsumma, don su gani.

Tafinta ya juya maganar. Safiyo ya aika aka kawo sandar awo, ya shimfiɗa igiyar a jiki, na ga wuyansa ya canza launi. Baturen yasa kuwa ya fashe da dariya har yana share hawaye, ya kama bakin igiyar ya ce ga shaida, mai awo ya yi kwana ashirin bai duba kayan aikinsa ba. Safiyo ya kama ɗaya bakin ya ce ga shaida dai, an hana shi igiyar gwamnati a lokacin yaƙi. Manya biyu suna ja-in-ja da igiyar rama a gaban lebura. Suka yarda da abu ɗaya tak, a kai igiyar Lakwaja gaban manyansu, tare da mai hannuwan da suka auna ta.

Na ji sanyi a raina, na ce ko ɗaure ni za a yi, mutanena sun tsira. Sai Baturen soja ya miƙe ya yi 'yar gajeriyar magana. Tafinta bai dube ni ba da yake juyawa. Wai shi ba ruwansa da wanda ya yi laifi. Yana da kaya a kan yashi, kuma ga mutum takwas da ba su da aiki, tun da awo ya tsaya sai an yanke hukunci.

Na faɗi a gabansa na ce ni na yi, ni za a ɗauka, a bar tsoho ya tafi gida. Na ce ina iya ɗaukar kayan mutum biyu. Tafinta ya ɗaga ni ya ce, "Heluma, ka daina. Sunanka ya riga ya shiga takarda tare da igiyar. Kai yanzu shaida ne, ba mai iya taɓa ka." Safiyo ya dubi abokin faɗansa, ya kau da kai.

Da la'asar aka zuba su a manyan kwale-kwale tare da buhunan. Baba Jatau bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in gaya wa iyalinsa irin gero yana cikin tulun da ke bayan rumbu, kada su taɓa na rataye. Tanko ya zo ƙarshe, da buhu a ka, ya duƙo ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "To, Gajere, yau gajarta ta yi maka rana." Na so in ba shi amsa, tun muna yara ban taɓa barinsa ya ci ni da baki ba. Kafin in samo ta, aka tura kwale-kwalen.

Ndagi ne ya kai ni Lakwaja, ni da igiya da ɗan sanda. Kun tambaye ni yadda garin yake. Akwai dutse a bayansa, akwai kantuna, akwai inda koguna biyu suka haɗu kowanne da launin ruwansa. Ni wancan na biyun kaɗai na riƙa kallo, don ta nan aka haura da su. Kwana ashirin da uku na yi a barandar wani ofis. Sau uku aka shigar da ni, a ce in ware hannu, a auna, a rubuta, a ce in fita. Ofishin ruwa ya ce maganar ta ofishin awo ce, ofishin awo ya mayar. Daga ƙarshe wani akawu ya fito ya ce an ajiye maganar sai bayan yaƙi. Aka kulle igiyar a akwati, aka ba ni takardar komawa gida. Na ce mutanena fa? Ya duba takardunsa ya ce babu su a cikin wannan maganar.

Na bi hanyar da muka zo. A tarago ban sami wanda zan ƙirga ba. A Gagarawa ruwan farko ya same ni, na zagaye kasuwa don kada in haɗu da mai nonon nan. Har yau da nake wannan magana ba labarinsu. Na shuka gonakinsu da taimakon gayya, kuma duk wanda na ji ya dawo daga kudu sai na taka na same shi, ko a Maigatari yake. Wani ya ce ya ga wani dogo mai barkwanci a cikin 'yan kaya a hanyar Yola, wani ya ce dogaye suna da yawa.

Amma duk wannan bai kai ranar da na shigo Ɗanzomo ba. Da la'asar ne, ƙasa ta jiƙe, mutane suna dawowa daga gona. Gwaggo, uwar Tanko, ita ta fara hango ni daga ƙofar gidanta. Ta taho da sauri tana gyara zane, ta kama hannuna tana hamdala, idonta yana kan hanya a bayana. Ba ta faɗin sunan Tanko, ɗanta namiji na fari ne. Ta ce, "Kai ka yi gaba? Ina 'yan uwanka, sun tsaya salla ne?"

Bakin nan nawa da ba ya nauyi ya ƙi buɗewa. Ta ɗauki shirun a kan gajiya. Ta ce, "Zauna ka sha ruwa. Bari in je in ƙara ruwan tuwo, ka san wancan da ci." Ta juya, har ta kai bakin zaure.

Na ce, "Gwaggo, kada ki ƙara."